Kifin da Ba Namu Ba

Filin da ake yin baje koli a garinmu yanzu babu shi. Kwanakin baya na bi ta wurin a keke napep, na ga shaguna sun jeru, ana sayar da tayil da wayoyi da kujerun roba. Sai da na tambayi mai keken ko nan ne filin. Ya ce shi dai tun da ya zo Jalingo haka ya tarar da wurin. Da na koma gida na gaya wa 'yata cewa a nan ne na taɓa cin kyautar kifi mai rai a cikin leda. Ta yi dariya, ta ɗauko wayarta ta yi ta lalube, can ta ce wai a wasu garuruwan Turawa an hana ba da kifi kyauta a wurin wasa saboda wahalar da yake sha, wasu kuma har yanzu suna gardama a kai. Na ce mata mu a gidanmu an yi wannan gardama tun ba a haife ta ba, kuma ba mu da wata doka a rubuce sai Baba da Dada.

A wancan lokaci garin bai daɗe da zama babban birnin jiha ba. Kullum sai ka ga baƙuwar fuska, ma'aikata da aka turo daga nesa suna neman ɗakin haya ko da zaure ne. Amma a cikin unguwa ba abin da ya canja. Da asuba abin da ke tashe ni shi ne ƙarar igiyar guga tana gogar itacen bakin rijiya, sai daka daga gidan maƙwabta, sai shanu da ake korawa kiwo ta bayan katangarmu, makiyayin yana yi musu magana da Fulatanci kamar mutane. Matan Mumuye su shigo da doya, a yi ciniki da Hausar da kowa ya lanƙwasa yadda bakinsa ya iya, kuma a fahimci juna. Ruwan sha yana cikin randa a gindin bishiyar dogon yaro, da moɗa a kife a kan murfin. A ƙofar gida akwai wata randar ta sadaka, duk mai wucewa ya tsaya ya sha ba sai ya yi sallama ba. Yanzu kowa ruwan leda yake sha, ya ciji gefe ya tsotse ya jefar. Ni kuwa har yau idan na riƙe ledar ruwa a tafin hannu, sai in ji kamar wani abu zai motsa a ciki.

Ni ce 'yar fari, kuma gidanmu gidan Fulani ne da ba a wasa da kunyar ɗan fari. Baba, wanda malamin firamare ne, bai taɓa kiran sunana ba. Idan zai yi magana a kaina sai ya ce yarinyar nan. Idan yana son ruwa, sai ya kalli bango ya ce a kawo ruwa, ni kuma in kawo, in durƙusa in ajiye, in tashi ban ɗaga ido ba. Inna ma haka take, duk da cewa na sha kama ta tana kallona idan ta zaci hankalina yana wani wuri. Ba ƙiyayya ba ce, kuma ban taɓa ɗaukarta ƙiyayya ba, haka na tashi na tarar. Yanzu ga 'yata ta fari nan, takan faɗa kan kafaɗar ubanta ta ƙwace masa waya, shi kuma yana dariya yana kiran sunanta sau uku a jere. Ba na cewa nasu ya fi namu ko namu ya fi nasu. Abin da na sani shi ne na girma ina jin maganganu da yawa, ina faɗin kaɗan.

Mutum ɗaya nake sakewa da ita, wato Dada, mahaifiyar Baba. Ita kuwa tsakanin kaka da jika sai wasa. Tsohuwa take kirana, ni da ban fi shekara goma sha ɗaya ba. Ta ce na sace mata goro, in ce ai ba ta da haƙoran tauna shi. Duk abin da na faɗa mata sai ta juya shi ya koma zolaya, duk abin da ta faɗa mini ba na ɗaukarsa da gaske. A ruga ta tashi, cikin shanu, ba ta cin kifi, ta ce ƙarni gare shi, abincin mutanen bakin ruwa ne. Amma ba ta iya ganin dabba a ɗaure babu ruwa a gabanta, ko da akuyar maƙwabta ce.

Aikina idan na dawo daga makaranta shi ne in ja ruwa in wanke kwanuka. Inna da asuba take jan nata ko da yamma, lokacin da cikin rijiya baƙi ƙirin ne. Ni kaɗai nake zuwa da tsakar rana, sa'ad da rana take tsayawa daidai kan bakin rijiyar, haske ya sauka har ƙasa. A nan na fara ganinta. Da farko na zaci inuwar kaina ce, sai na ga gashin baki yana kaɗawa a hankali, da faffaɗan kai. Tarwaɗa ce. A da, idan aka haƙa rijiya akan saka ƙaramar tarwaɗa ta riƙa cinye ƙwari da tsutsa, ruwa ya zauna da tsabta. Ashe tamu tana nan ta girma a cikin duhu. Na riƙa jefa mata ƙanzon tuwo, ta taso ta haɗiye ta koma. Ban gaya wa kowa ba, domin ba wanda ya tambaye ni.

Wata Asabar, wajen ƙarshen damina, Goggo ta ce in shirya mu je baje koli. Goggo ƙanwar Baba ce, tana karatun koyon malanta, bakinta ba ya gajiya. Tun daga nesa ake jin janareto da lasifika, kowace rumfa da nata kiɗan. Ga ƙamshin tsire da gugguru, ga lilo mai juyawa da yara ke ta ihu a kai, ga masu tallar maganin da ke warkar da komai. Ni dai ina riƙe da gefen mayafin Goggo. A can ƙarshen fili muka ga wani tebur da kwalabe a jere, sama da shi an ɗaura igiya, a kan igiyar kuma ledoji ne ke reto, kowace da ruwa da ɗan jan kifi a ciki. Ban taɓa ganin kifi mai wannan launi ba. Kifin da na sani baƙi ne ko fari, busasshe ko banda, wanda ake kawowa daga Lau a cikin kwando. Waɗannan kuwa kamar an tsoma su a manja an goge.

Mai teburin baƙo ne, da jin Hausarsa ka san ba a nan ya koye ta ba. Ya hango ni ya ce, "Ƙaramar Hajiya, zo ka gwada! Kifi na Turai ne, ba ta cin komai, ba ta mutuwa. Ka jefa zobe, ta shiga kwalba, ka tafi da ita."

Goggo ta ce, "Ba ya ci, ba ya mutuwa? To ai aljani kake rabawa."

Ya ce, "Anti, wallahi shekara goma tana nan."

Suna wannan ni ina kallo. Na lura ledojin da ke ɓangaren rana sun yi gumi, kifayen cikinsu sun taso sama suna buɗe baki suna rufewa. Na lura kuma yayin da hannunsa na dama ke miƙa wa mutane zobba, na hagu yakan cire ledar da kifinta ya juya ciki sama, ya jefa ta cikin bokiti a ƙarƙashin tebur, ya ja buhu ya rufe, bakinsa bai daina magana ba. Wani ɗan sanda ya zo ya jefa, bai ci ba, ya yi dariya ya wuce. Duba-gari ma ya gifta da kakinsa, ya tsaya kan masu abinci yana buɗe tukwane, bai ko kalli igiyar ba. A lokacin ba wanda ya ga akwai abin tambaya a wurin.

Goggo ta biya, ya ba ta zobba uku na roba. Ta jefa biyu suka yi tsalle suka faɗi ƙasa. Ta miƙo mini na ukun ta ce, "Ungo, ke da kike kallon komai kamar mujiya." Ina karɓa na gane shi. Shuɗi ne, kuma ya ɗan fi sauran faɗi, shi ne wanda mutumin ke jefawa da kansa idan yana nuna wa jama'a yadda abin yake da sauƙi. Garin surutu da Goggo ya haɗa mata da shi. Na jefa a hankali, ya zauna a wuyan kwalba. Goggo ta rangaɗa guɗa a tsakiyar mutane, ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige. Mutumin ya kalli zoben, ya kalle ni, ya yi murmushin da bai kai ido ba, ya ce in zaɓa. Na nuna wanda na daɗe ina kallo, wani mai tsagaggiyar wutsiya a ɓangaren rana. Na sa ledar cikin hijabina don ta sami inuwa, na riƙe ta da hannu biyu har gida. Ina jin yadda yake bugun tafin hannuna, kaɗan-kaɗan, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa yana jin nauyi.

Dada tana ganinsa ta ce, "Wannan kuma wane irin barkono ne mai rai?" Ta matso da fuskarta ta duba, sai ta daina dariya. "Kwance shi, kwance shi maza! Wane marar imani ne ya ɗaure masa iska?" Aka ɗauko tasa, aka zuba ruwan randa, aka juye shi a ciki. Ya yi shiru a ƙasa na ɗan lokaci, sannan ya fara zagaye. Na zauna a gefensa har la'asar, kwanukan ranar ma Goggo ce ta wanke.

Baba ya dawo daga masallaci ya tarar da mu. Ya tsaya ya kalli tasar, ya kalli Goggo.

"Saye kuka yi?"

"A'a, Hamma, ci muka yi."

"Ci kamar yaya?"

"Ana biya, a jefa zobe. Wanda nasa ya shiga kwalba ya ɗauka."

"Wanda nasa bai shiga ba fa?"

"Sai ya tafi."

"To ai sunan wannan caca."

"Haba Hamma, wasan yara ne fa."

"Ko jarirai ne suka yi, caca ce. Abin da aka ci da ita bai zama namu ba. Gobe da safe a mayar wa mai shi."

Dada ta ce daga kan tabarmarta, "A mayar wa wanda ya rataye shi a rana?"

Baba ya sassauta murya, yadda yake yi idan da ita yake magana. "Dada, nasa ne."

"Nasa ne. Ran da ke cikinsa ma nasa ne?"

"Ni ban ce a kashe shi ba. Cewa na yi ba namu ba ne, kuma ba zan ajiye abin caca a gidana ba."

Na sha tunanin wannan magana tasu bayan na girma. Baba yana tambayar ko halal ne mu mallake shi, Dada tana tambayar ko zai sha iska. Kowannensu ya yi gaskiya, kuma ba wanda ya ji tambayar ɗan'uwansa.

Washegari Lahadi muka ɗauke shi a cikin langa mai murfi, ni da Goggo, muka koma fili. Teburin ba ya nan. Wata mai ƙosai ta ce ai mutumin ya bi motar asuba. Inda teburin ya tsaya ƙasa ta jiƙe, a nan ya juye bokitinsa kafin ya tafi. Ledoji ne a fashe, da 'yan jajayen abubuwa a cikin yashi, launinsu ya dushe, tururuwa ta yi musu layi. Goggo ta danne murfin langar ta ce, "Kada ya ga 'yan'uwansa." Da wasa ta fara maganar, amma ba ta ƙarasa da dariya ba. Muka juyo.

Da hantsi muka iso gida. Baba yana gindin dogon yaro yana duba littattafan ɗalibansa. Goggo ta gaya masa mai kifi ya tafi. Ya ajiye jan bironsa. Yanzu babu wanda za a mayar wa, kuma bai janye maganarsa ba. Dada ce ta kawo mafita.

"Ruwan rijiyar nan na wa ne?"

Baba ya ce, "Na Allah ne. Duk unguwa ke ɗiba."

"To a sake shi a ciki. Ba namu ba, ba na kowa ba. Ga ruwa mai sanyi, ga ƙwari, wanda ya halicce shi ya ciyar da abinsa."

Fuskar Baba ta saki. Ya ce, "Wannan magana ce."

Na san faɗin bakin da ke jira a ƙasan rijiyar, na ga yadda yake haɗiye ƙanzon da ya fi wannan kifi girma. Na rarrafa wurin Dada na sa baki a kunnenta na ce, "Dada, akwai tarwaɗa a ciki."

Ta fashe da dariya har tana dukan cinya. "Ku ji mini tsohuwar nan! Tarwaɗar da kakanki ya saka? Ta mutu tun shekarar da rijiya ta ƙafe, kina goye a bayana. So kike a bar miki angonki a tasa ki riƙa kallonsa, ko?"

Goggo ma ta yi dariya. Na ce, "Dada, da gaske nake."

Ta ja kumatuna ta ce, "Ni ma da gaske nake."

Ban ga laifinta ba. Shekara da shekaru ban taɓa gaya mata wata magana da ba wasa ba, ta yaya za ta gane ta yau daban ce? Na kalli madafi, Inna tana ciki, amma ita ma ba wadda zan tsaya in yi wa bayani ba ce. Saura mutum ɗaya, kuma shi ne wanda ban taɓa haɗa kalma uku a gabansa ba.

Baba ya ɗauki gugan roba, ya zuba ruwa, ya juye kifin a ciki da tausayi, har yana tare shi da hannu kada ya bugu. Ya yi bisimilla ya fara sakin igiya a hankali. Ina jin ta tana gogar itacen nan da igiyoyi suka yi wa zane. Na san tsawon rijiyar da hannuna, na san gaba nawa ya rage guga ya taɓa ruwa. Da ya kai rabi sai na ji muryata ta fita, ƙarama, kamar ta wata.

"Baba."

Igiyar ta tsaya.

"Akwai tarwaɗa. Babba ce, kanta ya kai tafin hannunka. Tana tasowa idan rana ta tsaya a kan rijiya. Ina ba ta ƙanzo."

Ludayin Inna da ke ƙara a cikin tukunya ya yi shiru. Goggo ta rufe baki da mayafi. Baba bai juyo ba, idonsa yana cikin rijiya. Sai ya ce, "Dada, me ta ce?" Alhali ya ji.

Dada ta daina dariya, kunya ta kama ta a madadina. Ta ce, "Rabu da ita, wasa take."

Ya ce, "To a jira rana."

Ya janyo gugan ya ajiye a inuwa, ya rufe da faifai, ya koma kan littattafansa. Ni kuwa na shige ɗakin Dada na kifa fuskata a kan katifa. Ban san wanne ya fi damuna ba, kifin ko abin da na aikata. Ina ta leƙen inuwar katanga ta ƙofa, ina kallon yadda take janyewa. Da ta kusa ƙarewa na fito, sai na ga abin da ban yi lissafi da shi ba. Hadari ya taso daga wajen duwatsu, ya haɗu, ya rufe rana ruf. Duka muka taru a bakin rijiya, har Inna ta tsaya daga nesa da tsintsiya a hannu kamar shara ta fito yi. Muka leƙa, babu komai sai duhu. Na kawo ƙanzo na jefa, muka ji faɗuwarsa, shi ke nan. Na sake jefawa. Ko motsi babu. Aka kira azahar.

Dada ta ce, "Ka gani ko? Sauke shi ka tafi masallaci, ruwa na zuwa."

Baba ya ɗauki gugan. Na runtse ido. Sai na ji ƙarar ruwa yana zuba a cikin tasa, ba a rijiya ba.

Ya ce, "Dada, yarinyar nan tun da aka haife ta ban taɓa jin ta faɗi abin da ba ta gani ba."

Dada ta ce, "Ka taɓa jin ta faɗi wani abu ma?"

Ya ce, "Yau na ji."

Ya sa takalmansa ya fita, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, muka kwashe tabarmi da gudu.

Da yamma ya fito da wata tsohuwar randa mai faɗin baki wadda gefenta ya ɓare, ya wanke ta da kansa, ya kai ta ƙofar gida ya girke kusa da randar sadaka, a inuwa. Ya cika ta, ya saki kifin, ya rufe da ragar waya saboda kyanwa da shaho. Ya ce tunda yana waje, a kan hanyar kowa, to ba a gidansa yake ba, kuma ba dukiyarsa ba ce. Baƙo ne da ya sauka a ƙofarmu, baƙo kuwa ana ba shi ruwa da abinci. Bai taɓa yarda a ce kifinmu ba. Idan wani ya tsaya ya ce, Malam, kifinku ya yi kyau, sai ya ce, "Ba namu ba ne." Amma shi ne kullum idan ya dawo sallar asuba yake ɗebe rabin ruwan da moɗa ya zuba sabo. Ni kuma nake murmusa masa burodi ko dusa kafin in tafi makaranta. Yaran unguwa suka mai da wurin dandali, mata masu tallar nono ma sukan sauke ƙwarya su leƙa. Dada, wadda ba ta son ƙarnin kifi, ita ce ke korar duk wanda ya zo da tsinke zai tsokane shi. Wutsiyarsa ta warke. Ya ga damina biyu bayan wannan, sannan wata bazara mai tsananin zafi muka tashi muka tarar ya kwanta a gefe. Ba shekara goma ba ne kamar yadda aka yi mana rantsuwa, amma ya fi kwana ɗayan da aka tanadar masa a kan igiya.

Yanzu rijiyar an rufe ta da siminti, an haƙa burtsatse, ruwa yana zuwa ta famfo, babu inda yarinya za ta leƙa ta ga wani abu. Baba da Dada sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Amma akwai rana ɗaya da na fi tunawa, ita ce a bazarar farko bayan zuwan kifin, sa'ad da ruwan rijiya ya ja baya aka kira mai yasa. Wani dattijo ne daga Kona, siriri, ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka, ana ta janyo laka a bokiti. Na dawo daga makaranta ke nan, ban ko cire kayan makaranta ba, sai muka ji ya yi ihu daga ƙasa.

"Kai! Akwai mai gida a nan! Wannan kifi ta girme ni, har gemu gare ta!"

Aka janyo ta a cikin bokiti don a ajiye ta kafin a gama aiki. Ta cika bokitin har wutsiyarta ta lanƙwashe, baƙa wuluk, tana buɗe faffaɗan bakin nan. Dada ta dogara sandarta ta zo ta tsaya a kanta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali, "Ashe kina nan." Ta ɗago ta dube ni. Na jira zolaya, ba ta zo ba.

Kafin Baba ya dawo daga wani taron malamai an gama yasa, an mayar da tarwaɗar wurinta. Dada ta tare shi tun daga zaure, abin da ba ta saba yi ba.

"Yau ka yi rashin kallo. Da ka ga abin da aka fito da shi daga rijiyar nan! Tsawon hannunka, wallahi, kai kamar faranti."

Baba yana cire takalmi, bai ko ɗago ba.

Ya ce, "Ai an gaya mini tuntuni."